Muzurun Goggo: Yadda Kaji 15 Suka Salwanta Cikin Wata Biyu, da Abin da Toka Ta Tona

Wata Asabar a ƙarshen Yulin 2023 Goggo ta aiko a kira ni da sassafe. Ba halinta ba ne. In tana son ganina takan jira in zo gaisuwar Juma'a. Na tarar da ita a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ga matasan kaji uku an jera mata a kan buhu, duk an tattaune musu wuya, ɗaya ma babu kan. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai ɗan nan, ba kai ne malamin gona ba? To ga aikinka. Ka nemo mini abin da zai kashe muzurun nan. Ko ni ko shi a gidan nan."

Ban kawo mata guba ba, har muka kusa ɓatawa a kan haka. Na ga ya kamata in rubuta abin da ya faru daga ranar zuwa shigowar hunturu, domin na sha tarar da irinsa a gidajen da nake zagayawa: kaji na ɓacewa, mai su ya tsayar da mai laifi ɗaya a ransa, ya kashe kuɗi a kansa, ɓarna kuma tana nan yadda take. A gidan Goggo masu ɓarnar biyar ne, kowa da lokacin zuwansa da ƙofar shigarsa, kuma wanda aka fi tsine wa ba ya cikinsu.

Gidan da akurkin

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, tana zaune da autanta mai tuƙa keke, wato taubashina, da matarsa, da jikarta 'yar shekara 11. Gidan yana wata sabuwar unguwa a bayan Samaru ta Zariya, irin wadda ake yanka gonaki ana mayar da su fulotai: gida ɗaya da mutane, na kusa da shi kango, sai gonar masara, sai wani gidan. Ta gabas katanga ɗaya ta raba su da maƙwabta. Ta yamma kango ne da aka kai linta aka watsar, ciyawa ta kai ƙugu, ga tulin bulo da ya shekara ba a taɓa shi ba. Ta baya kuma kwatar unguwa ce, inda rariyar tsakar gidan ke zubar da ruwa.

Kajin na Hausa ne zalla. Shika na nan kusa, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta fitar da kazar ƙwan nan Shika Brown, amma Goggo ta ce ba ruwanta da kazar da ba ta san ta kwanta a kan ƙwanta ba. Kaji su ne asusunta: kuɗin Islamiyya, gudummawar biki, maganin hawan jini, duk daga jikinsu suke fita. A farkon Yuni tana da 34: zakaru 3, manyan kaji 8, matasa 6, 'yan tsaki 17. Ranar da ta kira ni saura 19.

Akurkin ginin ƙasa ne da aka jingina da katangar yamma, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, an rufa shi da guntun kwano an danne da duwatsu. Ƙasansa turɓaya ce, babu daɓe. Ƙofar kuwa tsohon faranti ne da ake karawa a tokare da dutse. Taku biyu daga nan akwai 'yar rumfa da aka jibge buhunan dusa huɗu a ciki. Wannan tarin dusa baƙo ne a gidan. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun shekarar, kaya suka tashi, masara da dusarta na gaba-gaba, sai Goggo ta yi abin da duk mai hankali zai yi, ta saya da yawa kafin ta ƙara tsada. Ban ga laifinta ba. Sai dai a ƙasa ta ajiye, dab da inda kaji ke kwana.

A lissafinta masu yi mata ta'adi biyu ne. Da dare muzuru, wani ƙato mai ruwan toka da ake gani yana taku ɗai-ɗai a kan katanga. Da rana kuma ɗan maƙwabta, wanda ta taɓa kama shi yana leƙowa. Har ta yi habaici ta kan katanga, uwar yaron ta mayar, gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu.

Yaushe, kuma me aka bari a wurin?

Tambayata ta farko ita ce lokacin da kowace kaza ta ɓace. Manyan gidan suka yi ta kame-kame. Yarinyar ce ta fisshe mu, domin ita ke zuba musu dusa kuma kowace ta laƙaba mata suna. Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna kafa shaida da ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da ranar suna a unguwa, da jajiberin Sallah.

Ga abin da ya fito. A cikin 'yan tsaki 10 da suka ɓace, shida da rana tsaka ne, tsakanin hantsi da azahar, ba gashi ba jini. Huɗu kuma an rufe su da uwarsu da magariba, gari ya waye babu su, farantin na nan a tokare. Wata kaza mai kwanci, wadda aka sa wa ƙwan zabi kamar yadda ake yi da damina, an same ta da safe a mace a kan ƙwan, jikinta babu rauni da ido zai gani, ƙwai kuma sun ragu. Babban zakara ya ɓace kwana biyu kafin Babbar Sallah, wadda aka yi ranar 28 ga Yuni, ko gashinsa ɗaya ba a tsinta ba. Sai ukun da ke kan buhu.

Na ce, "Goggo, dabba ɗaya ba ta yin aiki iri biyar." Muzuru in ya kama kaza yakan ja ta gefe ya ci tsoka, ya bar fuka-fuki da ƙafafu da tarin gashi, ba ya kashe uku ya ci wuya ya tafi. Kare yakan yi kaca-kaca da su ya watsar. Abin da ke ɗauke ɗan tsako ɗungurungum da rana, ba tare da sawu ba, daga sama yake zuwa. Wanda kuma ya zaɓi mafi girma a garke, ana saura kwana biyu Sallah, bai bar ko gashi ba, wannan ya san farashin zakara a kasuwa.

Ta ce ita dai ta ga muzuru da idonta. Na roƙe ta mako ɗaya. Na sayo littafin rubutu na 'yan makaranta na ba yarinyar, na ce ta ƙirga kaji sau uku kullum: lokacin buɗewa, bayan azahar, da lokacin rufewa. Goggo ta harare ta ta ce, "Wato kishiyata ka naɗa mini akawu?" Wannan littafi shi ne abu mafi arha da muka saya, kuma duk shawarar da muka yanke daga baya daga cikinsa ta fito.

Toka

Na sa aka tara tokar murhu. Bayan isha'i muka tankaɗe ta da rariya, shimfiɗa siririya, a wurare huɗu: kewayen akurki, gindin katanga, kewayen buhuna, da bakin rariyar ruwa. Ƙofar akurkin kuwa muka toshe ta da bulo biyu. Dare biyu a jere ruwa ya wanke mana aiki, damina ce tsakiyarta. Dare na uku sama ta yi sarari.

Da asuba, kafin kowa ya taka, na shiga da tocila. Toka ta zama allo. Sawun muzuru na nan, ba a yi masa ƙarya ba: zagayayye, yatsu huɗu, babu alamar farce, domin kyanwa na janye farcenta in tana tafiya. Ya diro daga katanga, ya nufi buhunan dusa, ya zagaya su, ya yi zama a wuri ɗaya har tokar ta danne, ya koma inda ya fito. Bai je ƙofar akurki ba. Kewayen buhunan kuwa sawun ɓeraye ne birjik, ƙanana da manya, da jan layin wutsiya a tsakaninsu, har babu inda za ka sa yatsa. Muzuru farauta yake zuwa, amma ba ta kaji ba.

A bakin rariyar ruwa kuma ga wani sawu daban, ya fi na muzuru tsawo, da tsinin farata a gaban kowane yatsa. Ya shigo daga kwata ya miƙe sak zuwa ƙofar akurki, kamar wanda ya san gidan, ya yi ta yaƙushin gindin bulo, ya haƙura ya fita. Wurin na ta da wani wari mai hawa kai. Na kira wani dattijo maharbi a unguwar, ya duƙa ya duba, ya shaƙa, ya ce, "Tunku ne. Kuma zai dawo." Da na sa hannu a rariyar sai na ga ruwan damina ya zaizaye ta har ƙaramar ƙwarya za ta wuce. Taubashina ya ce rariyar tankaɗe ta tona asirin rariyar ruwa.

Da muka ɗaga buhunan, biyu na ƙasa a huje suke. Ƙarƙashinsu ramuka ne, ɗaya ya bi ta gindin ginin ya ɓulla a cikin akurki, daidai kusurwar da mai 'ya'ya ke kwana. Muka tona da fartanya, muka fito da busassun ƙafafun 'yan tsaki. Kaza ba ta gani sosai da dare, ko ana jan ɗanta daga ƙarƙashin fiffikenta ba abin da za ta iya sai ɗan kuka. Goggo ta daɗe tana kallon ƙafafun nan a tafin hannuna, ba ta ce komai ba.

Shirwa kuwa littafin yarinyar ne ya kama ta. Ranar Laraba ƙidayar safe 19, ta azahar 18, kuma ta ga abin da idonta: zakara ya yi wani dogon kuka siriri, manyan kaji suka tsere gindin bango, inuwa ta gifta, shi ke nan. Kaji na da kuka daban na abin da ke sama da na abin da ke ƙasa, kuma 'yan tsaki na gane bambancin. Sun ji gargaɗin, mafaka ce babu. Goggo mace ce mai tsabta, tsakar gidanta a share fes, har bishiyar lallen da ke tsakiya ta sa an sare saboda tsoron maciji. Ta gyara wa shirwa fili ba ta sani ba. Wanda aka sure ɗin ma yana cikin waɗanda ta rina da jar galura a makon, domin an ce mata shirwa ba ta ɗaukar rinanne.

Kumurci

Saura mai kwanci. Na riga na zargi maciji, domin kaza mai kwanci ba ta gudu, takan tsaya ta kare ƙwanta, a sare ta a wurin, kuma gurbin haƙori a cikin gashi ba ya ganuwa. Inda ɓera ya yi yawa kuwa maciji na tafe. Muka je wurin mai unguwa, ya yi magana da mai kangon, aka ba mu izinin nome ciyawar da kwashe bulon da ke jikin katanga.

Ana cikin kwasa taubashina ya ɗaga wani bulo na ƙasa, sai baƙin abu ya miƙe ya fasa kai. Kafin ya ja da baya ya ƙwalla ƙara, "Idona! Idona!" Kumurci ne, ya tofa masa dafi. Mata suka yi cikin gida neman nono, wani na cewa a kawo manja. Na kama kansa na kwantar, na buɗe fatar idon da yatsu, na sa aka yi ta tsiyaya ruwa da buta, in ta ƙare a cika, muka yi ta yi fiye da kwata na awa yana zagina. Sannan muka kai shi asibiti aka duba aka ba shi maganin ɗigawa. Kwana huɗu idon na ja, daga baya ya washe.

Na faɗi wannan dalla-dalla ne saboda duk mai kaji a gefen gari zai iya gamuwa da shi. Kumurci na iya tofi daga nisan mita biyu, kuma ido yake nufa. Likitan nan Bature David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya a farkon shekarun 1970, ya rubuta labarin mutanen da tofin wannan maciji ya makantar a ƙasar nan. Ruwa mai yawa nan take shi ne taimakon farko, ba a tsaya neman wani abu ba, sannan asibiti. Macijin dai leburori suka kashe shi. Tun daga ranar na kafa wa yarinyar doka: ba ta zura hannu a gurbin ƙwai sai ta haska, ba ta kuma kai fuskarta bakin akurki.

Dalilin da na ƙi guba

Goggo ta sauya buƙata: to a kawo shinkafar ɓera, a kuma sa wa tunku guba a cikin mushen kaza. Nan ma na ƙi. Ɓeran da ya ci guba ba a raminsa kaɗai yake mutuwa ba, yakan fito tsakar gida yana layi, kaji su tsattsage shi, muzuru ya ɗauka. Ga ƙaramin yaro mai rarrafe a gidan maƙwabta. In kuma an kashe tunkun nan, kwatar na nan, gonakin masara na nan, ɗan'uwansa zai gaji hanyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu tsagar muka sa a gaba. Mushen ukun ma na sa an haƙa rami mai zurfi an binne, don kada warinsu ya zama gayyata.

Gyaran

Mun fara da abin da ba ya cin kuɗi. Dusa ta koma cikin duro na ƙarfe mai murfi, an ɗora shi a kan bulo a ɗaya ɓangaren gidan. Ana ba kaji abinci da safe da la'asar kawai, kafin magariba a kwashe kasko, a share abin da ya zube, a kife na ruwa. Ramukan muka cusa musu fasassun kwalabe da tsakuwa muka liƙe da siminti, muka ɗana tarkon ƙarfe a ƙarƙashin kwando inda kaza ba za ta kai ba. Ɓera a cikin abinci ba matsalar kaji kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake kama mutane. Wannan maganar ce ta sa matar gidan ta fi kowa tsayawa a kan sharar yamma.

Sauran aikin ya ci ɗan bunsurun Goggo. Tsohon akurki aka yi masa daɓen siminti da ƙofar katako mai sakata, aka bar wa masu kwanci. Sabo kuma na katako ne a kan ƙafafu huɗu, tsayin ƙasansa daga ƙasa kusan santimita 70, yadda za a iya share ƙarƙashi a kuma ga duk abin da ya laɓe. Kowace ƙafa an shafe ta da baƙin mai saboda gara, an kifa mata gwangwani mai faɗi a sama don ɓera in ya hau ya tarar da rufi.

A kan raga muka yi rigima da kafinta. Ya zo da ragar nan mai ido mai kusurwa shida da kowa ke kira ragar kaji, ya ce ita ake sa wa kowa. Na ce ita ake sa wa kowa, shi ya sa kowa ke kuka. Wannan raga an yi ta ne don ta hana kaza fita, ba don ta hana wani shiga ba: wayarta siririya ce, kare na yaga ta, tana tsatsa cikin damina ɗaya ko biyu, idonta kuma ɓera da maciji na wucewa. Na ce ya zura babban yatsansa. Ya shige har gindi. Na ce duk inda wannan yatsa ya shiga, matashin ɓera zai shiga. Muka koma kasuwa muka sayo mai ido murabba'i na rabin inci, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa muka rage girman akurkin maimakon mu rage ingancin ragar. Wajen kafawa, kowace ƙusa sai da aka huda marfin kwalbar lemo aka sa mata, don kada raga ta zame ta kan ƙusar in an ja. Yaran unguwa suka tara mana marafan a yini ɗaya.

Goggo ta so a rufe ko'ina da kwano ruf, na hana. Akurkin da iska ba ta ratsawa, zafin Maris da Afrilu da warin kashi za su kashe abin da tunku bai kashe ba. Aka bar ɓangare biyu raga daga sama har ƙasa, da buhun da ake saukewa in ana ruwa da iska ko sanyi. Inda kwano ya haɗu da katako, ƙofofin nan na tudun kwano, duk an cusa musu raga. Ƙofa ta samu sakata biyu, sama da ƙasa, da kwaɗo saboda mai ƙafa biyu.

'Yan tsaki kuma aka yi musu fili mai rufin raga, taku huɗu da taku uku, inda za su zauna da uwarsu mako shida na farko. Ta gefen waje an shimfiɗa raga a ƙasa faɗin santimita 40 an rufe da ƙasa, domin mai tono a gindin shinge yake fara tono, in ya ci karo da waya sai ya haƙura. Wannan tsarewa na da nata nauyin: ɗan tsakon da ba ya kiwo sai an kawo masa komai, don haka aka koma tsakin masara, da gara da yarinyar ke tonowa, da ganyen zogale.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sasanta shirwa da maciji. Mafakar da ke ɓoye ɗan tsako daga shirwa ita ce ke ɓoye maciji daga mutum, kuma Goggo da gaskiyarta da ta sare lalle. Mafitar da muka samu ita ce 'yan rumfuna uku na kara, tsayin gwiwa, a warwatse a tsakar gida, ƙarƙashinsu a share tas, babu komai a jingine. Daga sama ba a ganin abin da ke ciki, daga ƙofar ɗaki kuwa ana gani har ɗaya gefen.

Inda muka yi tuntuɓe

Rariyar ruwa na sa mai walda ya yi mata rodi da raga aka kafe da siminti. Kuskurena ne. Ruwan farko mai ƙarfi na Agusta ya tara ganye da leda a jikin ragar, tsakar gida ta zama tafki, ruwa ya shiga ɗakin Goggo ya jiƙa katifa. Da tsakar dare taubashina ya fasa aikin da guduma, da safe kuma ya kira ni ya ce in zo in ga ilimin boko. Aka sake yi: rodi a kafe, raga kuma a jikin firam mai zarewa kamar aljihun tebur, a zare in hadari ya haɗo, a mayar in ruwa ya ɗauke.

Na biyu ya fi ciwo. A tsakiyar Satumba aka yi bikin 'yar ƙanwar Goggo a Tudun Wada, gida ya tafi gaba ɗaya, kowa na zaton wani ya rufe. An zare ragar rariya da rana saboda hadari, ba a mayar ba. Kaji suka shiga akurki da kansu kamar yadda suka saba, ƙofa a buɗe. Da aka dawo wajen ƙarfe 11 na dare, biyu na kwance a ƙasa da tattaunannen wuya, ga warin nan. Mako shida tunku bai samu komai ba, amma bai daina zuwa dubawa ba. Ragar rabin inci, da marafan kwalba, da bunsurun da aka sayar, duk dare ɗaya na "na zaci" ya tsallake su.

Daga nan aka daina cewa "a rufe kaji". Aiki ya koma hannun mutum ɗaya da lokaci ɗaya: yarinyar, kafin a kira magariba, ta ƙirga, ta sa sakata, ta duba rariya, ta kawo wa kakarta makulli a hannu. In za ta yi tafiya, sai ta damƙa littafin da makullin ga wani da sunansa a gaban Goggo. Ladanta kaza ɗaya a duk ƙyanƙyasa. Ban taɓa ganin ma'aikacin da ya riƙe aiki kamar yadda ta riƙe ba tun da aka yanka mata wannan albashi.

Lissafin Nuwamba

Tsakanin Agusta da Oktoba kaji uku suka yi kwanci, kowace ta cika kwana 21, suka ƙyanƙyashe 28. Guda 25 suka fita daga filin raga da ransu. Ɗaya uwar ta taka, biyu sanyi da zawo suka kashe. A ƙarshen Nuwamba littafin ya nuna 37, bayan an sayar da huɗu. Kafin iskar hunturu ta kankama na kawo maganin rigakafin cutar Niyukasil, annobar kaji, na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, muka ɗiga wa kowace a ido, domin wannan mai ɓarnar ba ya tsoron raga, kuma in ya shiga ba 15 yake ɗauka ba.

Maganar maƙwabta Goggo ba ta tashe ta da ni ba, ni ma ban tasa ba. Wata Juma'a dai na tarar da yarinyar ta dawo daga gidan da kwano a hannu. An aike ta da ƙwai goma, an mayar da kwanon da daddawa a ciki. Zakaran Sallah babu wanda ya ambace shi a ɓangarorin biyu, kwaɗon ƙofar akurki ma ba a cire ba.

A bangon littafin daga ciki yarinyar ta ja layuka da biro ta rubuta: shirwa 7, tunku 5, ɓera 4, kumurci 1, mai ƙafa biyu 1, muzuru 0. Na karanta wa Goggo da ƙarfi, na maimaita layin ƙarshe. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Dama ce bai samu ba." Ban yi mata musu ba, don na san da ya tarar da ɗan tsako shi kaɗai a bayan duro ba zai yi masa sallama ba. Tun da ɓeraye suka yi ƙaranci ma ya rage zuwa. Yanzu an fi ganinsa a kan katangar wani gida can gaba, inda ake kiwon tattabaru.